Fayil Yana Gusau: Lauyan Gwamnati Tsakanin Haƙƙinsa Da Haƙƙin Jama'a

Gummi ba baƙuwa ba ce a fagen shari'a. A nan aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙali, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, daga kujerar Babban Jojin Birnin Tarayya ya taso a 2013 ya hau gadon sarauta. Saboda haka mutumin Gummi ya san alƙali, ya san girmansa, ya san yadda ake zube masa gaisuwa. Ya san ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Ya san lauya mai zaman kansa, wanda ake sayar da sa ko buhunan shinkafa a biya shi. Wanda bai cika sani ba shi ne wani ma'aikaci da ke zaune a Ma'aikatar Shari'a a Gusau, wanda sau da yawa alƙalaminsa ne ke raba gardamar ko mutum zai kwana a ɗakinsa ko zai shekara a kurkuku. Shi ne lauyan gwamnati.

Maganar wannan ma'aikaci fuska biyu gare ta: abin da yake bin gwamnati, da abin da jama'a ke binsa. A jihar da ta shafe fiye da shekara goma tana fama da 'yan bindiga, ba a iya gyara ɗaya a bar ɗaya.

Ana jiran shawara

Duk wanda ya taɓa wuni a harabar kotun majistare ya san irin wannan zama. An kama saurayi a wani ƙauye na Bukkuyum, ana zargin yana kai wa 'yan bindiga labari, ko yana sayar musu da burodi da man fetur. Laifin babba ne, majistare ba shi da hurumin sauraronsa, iyakar abin da zai iya shi ne ya tura shi gidan gyaran hali. Ranar da aka dawo, ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai miƙe ya ce: "Ya Mai Shari'a, mun aika da kwafin fayil Ma'aikatar Shari'a, muna jiran shawara." Majistare ya buɗe littafi ya sa wata rana. Zaman bai kai minti biyar ba. Mahaifiyar yaron, wadda ta taso tun asuba daga Nasarawar Burkullu, ta biyo ta Anka ta Kwanar Mayanci a kan hanyar da ba a binta sai da addu'a, tana tsaye a bakin taga da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki da ta kawo masa. Ta tare ɗan sandan a waje: "Ranka ya daɗe, me aka ce?" Ya ce: "Inna, sai haƙuri, fayil yana ma'aikata."

Wannan shawara da ake jira takarda ce da ba ta cika wuce shafi biyu ko uku ba. Lauyan gwamnati zai karanta abin da 'yan sanda suka tattara: bayanin wanda ake zargi, bayanan shaidu, rahoton likita in akwai, da jerin kayan da aka kama. Daga nan ya rubuta ko dai akwai hujjar da za a gurfanar da mutumin a Babbar Kotu, ko laifin bai kai yadda aka zuzuta shi ba, ko kuma babu komai, a sallame shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba Antoni-Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya iso hannunsa ya fitar da wannan shawara, kuma jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan gwadabe. Amma kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu a wannan mashigi suka maƙale.

A yi wa lauyan adalci, ba kullum ne laifin ke wuyansa ba. Sau tari fayil ɗin da aka ce yana ma'aikata bai ma bar ofishin 'yan sanda ba, don ba a sami kuɗin fotokwafi ba, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki ya tafi ya bar takardun a durowa. Wani lokaci fayil ya iso amma fanko ne: babu shaida sai ikirarin wanda ake zargi, wanda kowa ya san yadda ake samun irinsa. Wani lokacin kuwa ya iso lafiya, ya hau kan tulin 'yan uwansa a teburin lauya ɗaya da ke da shari'u a kotu safiyar kowace rana. Ga wanda ke tsare duk ɗaya ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da a kan beli, amma sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Da zarar an rubuta fashi da makami ko kisan kai a saman takarda, wannan kariya ta faɗi, ko da daga baya ta bayyana rigimar gona ce.

Gata da takunkumi

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 195, ya ce kowace jiha za ta sami Antoni-Janar wanda shi ne kuma Kwamishinan Shari'a, kuma sai lauyan da ya shekara goma aƙalla da samun izinin aiki. Sashe na 211 ya damƙa masa ikon shigar da ƙarar laifin da ya saɓa wa dokar jiha a kowace kotu in ban da kotun soja, da ikon karɓe ƙarar da wani ya shigar, da ikon janye ta a kowane mataki kafin hukunci. Yana iya yi da kansa, yana iya yi ta hannun jami'an ma'aikatarsa. Waɗannan jami'ai su ne lauyoyin gwamnati, tun daga sabon shiga har zuwa Daraktan Gabatar da Ƙararraki da Solisita-Janar, wanda shi ne mafi girman muƙami a cikin lauyoyin da ke ma'aikata na dindindin.

Dokokin ɗa'ar aikin lauya sun hana lauyan da ke cin albashi ya tsaya a kotu yana kare wanda ya ɗauke shi aiki. Lauyan banki ba zai sa baƙar riga da hular gashi ya tsaya wa bankinsa ba. Lauyan gwamnati kaɗai aka keɓe, kuma wannan gata ce babba. Takunkumin yana jadawali na biyar na tsarin mulki, inda aka hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Ke nan lauyan gwamnati ɗan Gummi zai iya noma shinkafa a fadamar Gulbin Zamfara ya sayar, doka ba ta ce masa kanzil ba, amma ranar da ya rubuta wa wani takardar cinikin fili ya karɓi lada, ya taka doka. Duk da haka yana biyan kuɗin izinin aiki na shekara-shekara kafin ƙarshen Maris kamar kowane lauya, yana kuma manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, a takardunsa, nasa ja, na masu zaman kansu kore.

Masu iya hukunta shi kuwa ba ɗaya ba ne. A matsayinsa na ma'aikaci, Hukumar Kula da Ma'aikata ta jiha ce ke ɗaukarsa, ta ƙara masa girma, ta kore shi. A matsayinsa na lauya, Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi na iya dakatar da shi ko ya soke sunansa daga rajista. Ga kuma Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Dokokin ɗa'ar sun faɗi aikinsa ƙarara: burin mai gabatar da ƙara ba ya kai mutum kurkuku ba ne, ya ga an yi adalci ne; kada ya shigar da tuhumar da ya san ba ta da hujja; kuma idan ya ci karo da shaidar da za ta wanke wanda ake tuhuma, wajibi ne ya bayyana ta. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, manomin da ɗansa ya shekara yana jiran shawara bai san sunan lauyan da ke riƙe da fayil ɗin ba, balle ya san inda zai kai kuka. Ba kasafai ake jin an tuhumi wani don fayil ya kwana a teburinsa ba, kamar yadda ba kasafai ake jin an yaba wa wanda ya share teburinsa ba.

Inda manya suka fito

A farkon zamani, wannan aiki shi ne ƙofar girma ga lauyan Arewa. Muhammadu Bello na Katsina da ya dawo daga Ingila a 1956 lauyan gwamnatin Jihar Arewa ya fara zama, ya kai Daraktan Gabatar da Ƙararraki, daga bisani ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, ɗan Arewa na farko a kujerar. Mamman Nasir ta nan ya bi ya zama Ministan Shari'a na Arewa a gwamnatin Sardauna, sannan Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Galadiman Katsina. Muhammadu Lawal Uwais na Zariya shi ma lauyan gwamnati ne tun 1964, ya gaji Bello a 1995 ya riƙe kujerar har 2006. Shekara kusan ashirin a jere, shugaban alƙalan ƙasar nan tsohon lauyan gwamnatin Arewa ne. Mutanen nan sun koyi aikin ne suna bin alƙalan Babbar Kotu rangadi daga lardi zuwa lardi, suna tsayawa a shari'un kisan kai a garuruwan da ba su da lauya ko ɗaya.

Yau ma'aikatar ta zama zangon wucewa. Matashi ya fito daga Makarantar Horar da Lauyoyi, ya shiga, ya goge, da ya sami kafa sai ya tsallaka: ko ya zama majistare, ko ya tafi wata hukumar tarayya, ko ya buɗe ofishin kansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar Lauyoyin Gwamnati ta Najeriya, LOAN, ta daɗe tana neman a daidaita albashi da alawus ɗin 'ya'yanta da na majistarori, tunda karatu ɗaya suka yi, aji ɗaya suka zauna, kuma a jihohi da dama sai da aka kai ga yajin aiki a kan haka. A 2023 an mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ninninka albashinsu. Sun cancanta. Amma lauyan da ke tsaye gabansu yana ɗauke da nauyin jiha ba ya cikin ko ɗaya: yana nan a ma'aunin albashin sauran ma'aikata, zai kuma ajiye aiki da ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. A Zamfara kuwa, mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka yi dokarsa a 2019 sai a 2024 aka fara biyansa.

Abin da ya fi ci wa waɗannan lauyoyi tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake raba aiki. Shari'ar da ba kuɗi a cikinta, ta fashi da kisa da fyaɗe, tasu ce. Ranar da babbar shari'a ta taso, ta kwangila ko ta siyasa, sai gwamnati ta ɗauko babban lauya mai lambar SAN daga Abuja ko Legas, a biya shi abin da na cikin gida ba zai tara ba a shekarun aikinsa. Kamar a ba mutum gadin rumbu ne a hana shi hatsin tuwo, sannan a yi mamaki in an ga ɓaraka. Ba uzuri nake nema wa mai cin hanci ba. Akwai masu yawa da ke aikin nan da tsoron Allah cikin ƙunci, kuma su ne suka fi kowa cutuwa da ɓatancin da 'yan kaɗan ke jawowa. Amma a tuna abin da ya faru a shari'ar kamfanin P&ID. Kwangilar gas ce da aka sa wa hannu a 2010, aka yanke wa Najeriya diyyar dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai ta wajen biliyan 11. A Oktoban 2023 wata kotu a Landan ta rushe hukuncin bayan ta gano cewa kamfanin ya ba daraktar sashen shari'a ta Ma'aikatar Man Fetur cin hanci. Teburin lauyan gwamnati guda ya kusa jawo wa ƙasa asarar da kasafin kuɗin Zamfara na shekaru masu yawa ba zai biya ba.

Lauyan jiha ko lauyan gwamna?

Nan ne gizo ke saƙar. Antoni-Janar mutum ɗaya ne mai riguna biyu. Ɗan majalisar zartarwa ne da gwamna ya naɗa, kuma gwamna na iya sauke shi da sanarwar rediyo. Shi ne kuma tsarin mulki ya ce in zai shigar da ƙara ko zai janye ta ya dubi maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da kotu. Idan wanda ake zargi ɗan gaban goshin gwamna ne, wace riga zai sa?

Kotun Ƙoli ta taɓo wannan batu a shekarun 1980 a wasu shari'u biyu da duk lauyan gwamnati ya sani. A 1983, a shari'ar Ilori, wani lauya ne ya shigar da ƙarar laifi da kansa a kan Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Legas, sai Antoni-Janar na jihar ya janye ƙarar. Kotun ta ce ba ta da ikon bincikar dalilinsa. Mai taka masa birki shi ne wanda ya naɗa shi da kuma bakin jama'a. Ta biyun daga Kaduna ta taso. Zamanin da majalisar jiha ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa, jihar ta zauna ba Antoni-Janar. A wannan tsakani Solisita-Janar ya janye wata shari'ar kisan kai. Mahaifin wanda aka kashe bai haƙura ba, ya kai ƙara, maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1985 cewa ikon janye ƙara na Antoni-Janar ne, kuma in babu shi a kujera ba wanda zai ara ya yafa. Darasin shari'un biyu ga ƙaramin lauya a Gusau ɗaya ne: ikon da yake aiki da shi aro ne daga hannun ɗan siyasa, kuma kotu ba za ta tambayi ɗan siyasar dalili ba.

Da ba haka abin yake ba. Tsarin mulkin 1960 ya ba Daraktan Gabatar da Ƙararraki 'yancin kansa, na 1963 ne ya mayar da shi ƙarƙashin Antoni-Janar. An yi yunƙurin raba ofishin Antoni-Janar da na Minista ko Kwamishinan Shari'a a gyaran tsarin mulkin da majalisa ta kammala a 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu. Kenya ta yi nata a 2010: daraktan can wa'adi ɗaya yake yi na shekara takwas, kuma ba ya karɓar umarni daga kowa a kan wanda zai gurfanar. A maƙwabciyarmu Nijar, da ke bin tsarin Faransa, mai gabatar da ƙara da alƙali jiki ɗaya ne, horo ɗaya, ma'aunin albashi ɗaya, ko da yake shi ma yana ƙarƙashin Ministan Shari'a.

Ba a ce babba ya fi ƙarfin hukunci ba. Michael Aondoakaa, Antoni-Janar na tarayya zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi amfani da ofishinsa wajen hana bin hukuncin kotu a wata rigimar kujerar majalisar wakilai, kuma a Disamban 2021 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da ya ce bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba. Sai dai an shafe fiye da shekara goma kafin a kai nan, kuma mai ƙarar ɗan siyasa ne mai halin ɗaukar lauyoyi. Abin da babu har yanzu shi ne kariya ga ƙaramin lauyan da aka kira aka ce ya sauya shawararsa ya ce a'a. Ba sai an kore shi ba. A ɗauke fayil daga hannunsa, a tura shi wata ma'aikata da ba a zuwa kotu, ƙarin girmansa ya yi ta jinkiri. Na baya sun gani, sun ɗauki darasi.

Nauyin Zamfara

Jihar nan, tun da aka cire ta daga Sakkwato a 1996, ta ɗora wa lauyoyinta kayan da ba kowace jiha ta ɗora ba. Lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, Ma'aikatar Shari'a ƙarƙashin Antoni-Janar Ahmad Bello Mahmud ce ta yi aikin zama da tsarin mulki a gano ƙofar da za a bi, aka tsara dokokin da wasu jihohi goma sha ɗaya suka biyo sawu. Tun daga ranar lauyan gwamnati a Zamfara na buƙatar ilimi biyu, na dokar Bature da na fiƙihun Malikiyya, kuma jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna yaye masu irin wannan karatu. Amma a kotunan shari'a na ƙananan hukumomi, ɗan sanda ne yawanci ke gabatar da ƙara. A Gummi aka yanke ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen haddi na farko a jihar, kan satar kekuna, aka zartar a 2001. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa shubuha tana kawar da haddi. To wa zai tace fayil ya nemo shubuhar kafin magana ta kai gaban alƙali? Mutunta shari'ar Allah shi ne ya fi komai wajabta a sa masani a wannan mashigi.

Sai kuma ta'addancin daji. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, bisa buƙatar da lauyoyin gwamnatin tarayya suka shigar. A Janairun 2022 aka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ya girgiza ƙasa. A Yunin shekarar Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu satar mutane da ɓarayin shanu da masu kai musu labari. Jama'a sun yi maraba, kuma wanda ya binne 'yan uwansa ba za a ga laifinsa ba. Sai dai kowace doka mai tsanani ƙarin fayil ce a teburin lauya, kuma ƙarin mutanen da kariyar wata biyu ba ta shafe su ba. Tuhumar kai labari ta fi kowace sauƙin ƙagawa: gaba ta gado, ko rigimar aure, ko bashi, sun isa a nuna mutum da yatsa. Tsakanin wanda aka yi wa ƙazafi da igiya, lauyan gwamnati ne shinge na farko. Tsakanin ɗan ta'adda na gaske da komawa daji, shi ne kuma. In ya yi sakaci ta kowane ɓangare, jini ne.

Kuma mutum ne mai iyali. Yana fitowa daga kotu ya hau mashin ko tsohuwar motarsa ya koma unguwar da kowa ya san gidansa, bayan ya nemi a yanke wa wani hukuncin kisa alhali yaran gidan wannan mutum suna daji da bindigogi. Shaidun da zai kira suna zaune a ƙauyukan da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma. Wa zai zo Gusau ya nuna fuska ya koma ya kwana? Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana a 1990 kan aikin masu gabatar da ƙara sun ɗora wa hukuma alhakin kare lafiyarsu da ta iyalansu idan aikinsu ya jefa su cikin haɗari, da ba su albashi mai ma'ana, da barin su su yi ƙungiya. A wurinmu wannan ba ado ba ne, sharaɗin yiwuwar aikin ne.

Akwai kuma batun sulhu. A 2019, lokacin da gwamnatin Matawalle ta zauna da 'yan bindiga, an yi musaya: suka sako mutanen da suka sace, hukuma ta saki wasu da take tsare da su. Gwamna Dauda Lawal da ya hau a 2023 ya ce shi ba zai yi sulhu ba. Ko wace hanya gwamnati ta zaɓa, wanda aka riga aka gurfanar ba ya fita bisa doka sai ta hannun kotu ko ta takardar Antoni-Janar. Ra'ayina shi ne duk irin wannan janyewa a rubuta dalilinta a ajiye inda majalisa za ta gani, domin iyalan waɗanda aka kashe suna da haƙƙin sanin abin da aka yi da jininsu, kuma lauyan da ya yi wata da watanni yana haɗa shaidu yana da haƙƙin kada a mayar da aikinsa kayan ciniki ba tare da bayani ba.

Ɗaya gefen teburin

Talaka na haɗuwa da lauyan gwamnati ta wata fuskar, ranar da shi ne ya kai gwamnati ƙara: an rushe masa shago, ko an ci gonarsa da hanya, ko an hana shi kuɗin sallama. Nan zai tarar da makamai biyu. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce in wata uku ya wuce ba ka shigar da ƙara ba, ka makara. In kuma ka yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da amincewar Antoni-Janar, wato shugaban lauyoyin da ka kayar. Lauya na da damar amfani da dokar da ta ba shi. Amma wanda ya fahimci cewa jihar da yake wa aiki ta haɗa da mai ƙarar nan, zai iya shiga ofishin kwamishina ya ce: "Ranka ya daɗe, mutumin nan yana da gaskiya, a biya shi." Irin wannan shawara ba ta fitowa daga bakin wanda ke tsoron canjin wurin aiki.

Kada a manta lauyoyin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, da aka kafa a 1976 don kare marasa hali, su ma albashin gwamnati suke ci, kuma ba su da yawan da za su wadatar da jiha mai ƙananan hukumomi 14. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce a ajiye ɗan sanda lauya aƙalla ɗaya a kowane babban ofishin yanki don lura da haƙƙin waɗanda aka kama. Da ana cika wannan a Gummi da Anka da Bukkuyum, da fayiloli da yawa sun mutu tun a kanta, ba su kai Gusau ba.

Raba ofishin Antoni-Janar sai an gyara tsarin mulki, wannan kuwa ba a hannun Zamfara kaɗai yake ba. Sauran duk a hannunta suke. Jiha na iya daidaita albashin lauyoyinta da na majistarori da dokar majalisarta. Tana iya zaunar da isassun lauyoyi a yammacin jihar, da gida da mota da tsaro, su karɓi fayil daga hannun 'yan sanda a nan take, su rubuta shawara a nan, maimakon takarda ta yi ta safara a hanyar Anka. Tana iya wajabta cewa duk umarnin da aka ba lauya na ya sauya shawara a ba shi a rubuce da sa hannu. A nasu ɓangaren kuma, jama'a na da haƙƙin a buɗe rajistar da za ta nuna ranar da kowane fayil ya shigo, da sunan wanda aka ba, da ranar da ya fita, yadda ɗan uwan wanda ke tsare zai iya zuwa ya tambaya a duba masa ba tare da ya ba kowa na goro ba, kuma wanda fayil ya wuce wa'adi a hannunsa ba dalili ya amsa tambaya.

Gummi na da kujeru biyu a Majalisar Dokokin Zamfara, Bukkuyum biyu, Anka ɗaya. Biyar ke nan cikin 24. Kowace shekara Kwamishinan Shari'a na zuwa gabansu kare kasafin kuɗin ma'aikatarsa. A wannan zama ne ya kamata ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi lauyoyi nawa ma'aikatar take da su, nawa ne ke zaune a wajen Gusau, nawa suka bar aiki a shekara biyar da suka wuce, da kuma fayil nawa daga ƙananan hukumomin nan uku ke jiran shawara, tun yaushe.